Ɗigon Fa, Ni Da Jikata

A wannan wata wani laifi na kawo muku wanda ni da kaina na aikata a tsakar gidana, kuma yarinya 'yar shekara biyar ce ta kama ni da shi. Na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta shi saboda kunya. To amma da na ba wasu tsarana labarin a ƙofar masallaci bayan sallar la'asar, sai na tarar ashe ba ni kaɗai ba ne, kusan kowane kaka da ya taɓa ɗaukar allo ya ce zai koya wa jika baƙi ya ci karo da irinsa.

An sa ni makaranta a Aboabo, nan Kumasi, a shekarar 1961, ina da shekara shida. Ku mutanen zango kun san in mun ce makaranta, ta allo muke nufi, ta boko kuwa sukul muke ce mata. Malaminmu mutumin ƙasar Kano ne, ya biyo fataken goro ya zo, ya yi aure ya zauna. A wani zaure mai rufin kwano muke karatu, safe da la'asar, mu kuma na kusa har da dare, daga Asabar zuwa Laraba. Alhamis da Juma'a hutu. Ranar Laraba kowa ya zo da kwabonsa na Malam, wanda bai samu ba a aiko shi da koko ko ƙosai.

Ba a fara mana da haruffa ba. Da ka muka fara, Malam ya faɗa mu maimaita, daga Fatiha zuwa Nasi da Falaƙi, muna yin sama har Alam tara. Sai da baki ya saba tukuna aka rubuta mini allo, aka sa ni babbaƙu, watau baƙaƙe tsirara ba wasali. Darasin farko haruffan Bisimilla ne, guda 19, kuma kowane harafi da sunansa na Hausa. Har gobe in na rufe ido ina jin muryarmu: ba guje, ta guje, jim ƙarami koma baya, ha mai ruwa koma baya, ɗa mai hannu, kaf lasan, lam ara, lam jaye, mim ara, nun guda, ain baki wofi, ha kuri, ha babba. Duk wanda ya ƙaga waɗannan sunaye, Allah ya jiƙansa, ya san yara. Bai ce wa yaro ga harafi na kaza a jeri ba, siffarsa ya kwatanta masa. Wanda wutsiyarsa ta lanƙwaso ya ce koma baya. Wanda ya ɗaga sanda sama ya ce mai hannu. Wanda ya wage baki ba kome a ciki ya ce baki wofi. Ɗigo kuwa ruwa ne, tun da ɗison tawada ne, saboda haka ha mai ɗigo ta zama ha mai ruwa. Har ila yau harafi ɗaya yakan sami suna biyu ko uku, gwargwadon inda ya zauna a kalma, da farko ko tsakiya ko ƙarshe. Bayan babbaƙu sai farfaru, inda ake sa wa baƙi wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a da ɗauri. Bayan farfaru sai haɗawa.

Kada in yi muku ƙarya, wannan hanya tana da tsawo. Ni na yi kusan shekara biyu tsakanin babbaƙu da farfaru, kuma ba a cikin daƙiƙai ake lissafa ni ba. Akwai abokan karatuna da suka bar zauren nan da surori a ka, amma in ka buɗe musu shafin da ba su taɓa biyawa ba sai su tsaya cik. Akwai kuma bulala, wadda ba na kewarta ko kaɗan. Amma abu ɗaya ta ba mu wanda ba a ƙwace shi: hannu. Mu muke haɗa tawadarmu da baƙin tukunya da ƙaro, mu fiƙe alƙalamin kara, mu wanke allo mu shanya, kuma tun muna ƙanana aka fara barinmu mu rubuta da kanmu. Wanda ya fita daga wurin Malam yana iya rubuta wasiƙa da Hausa cikin ajami, ko da bai taɓa taka ƙofar sukul ba.

Malam ya tafi a ƙarshen 1969, lokacin da gwamnatin wancan zamani ta fitar da dokar korar baƙin da ba su da takardun zama, ta ba su mako biyu. Ina da shekara 14. Na riƙe masa buta da buzu har wurin da manyan motoci suke lodi, ban ƙara ganinsa ba. A hannun wani na sauke daga baya.

Yanzu bari in zo kan yarinyar. 'Yar ɗana ce, ni kuwa Amarya nake kiranta, irin wasan kaka da jika. Ubanta yana aiki a Ankara, uwarta tana da tebur a Kejetiya, saboda haka yawancin yini tana wurinmu ni da Hajiya. Harshe uku ne a bakinta: Turancin sukul, da Tonancin titi, da Hausar zango irin tasu ta 'yan yanzu, wadda mace da namiji duk ɗaya ne a cikinta. "Kaka, Mama ya tafi kasuwa." Na gyara har na gaji. Litinin zuwa Juma'a tana sukul, Asabar da Lahadi da safe take zuwa makaranta. Da na lissafa sai na ga abin da muka yi kwana biyar a mako muna yi, safe da yamma, ita safiya biyu aka ware mata. Wannan ne ya tayar mini da hankali. A 2022, tana cika shekara biyar, na sayo allo ƙarami, na haɗa tawada, na ce kowace rana bayan magariba ni da ita ne.

Kai, na ji daɗin watannin nan. Ta ɗauki sunayen haruffa kamar waƙa. Ain baki wofi ya fi ba ta dariya, sai ta wage nata bakin ta nuna mini. In ta ga Hajiya ta juya za ta koma ɗaki sai ta ce ga jim ƙarami koma baya. Nakan riƙe ɗan yatsanta in bi da shi kan rubutun, tana jin tudun tawada a busasshen allo. Ban taɓa ɗaga mata murya ba. A raina ina cewa ga shi na mayar wa Malam bashinsa.

Ran nan wata Asabar ta dawo daga makaranta, ba ta yi sallama ba, ta jefar da jakarta ta shige bayan Hajiya. Da aka lallashe ta ta fito, ta dube ni ido cikin ido, hawaye na zuba, ta ce, "Kaka, ka koya mini ƙarya."

Jama'a, na ga abubuwa a rayuwata, amma ban taɓa jin magana ta soke ni kamar wannan ba.

Abin da ya faru shi ne, malaminsu ya rubuta harafi a allon bango, da ɗigo ɗaya a samansa, ya ce wa ya sani? Ita kuwa da ƙarfin gwiwar abin da kakanta ya koya mata ta ɗaga hannu ta ce ƙaf ne. Aka ce a'a, fa ce. Ta yi gardama, ta ce fa ɗigonta a ƙasa yake. Yara suka tuntsire da dariya. Da aka nuna mata wani harafin kuma ta ce jim ƙarami koma baya, sai dariyar ta ƙaru, har wasu suka bi ta da sunan a hanya.

To ga inda laifina yake. Na san da wannan bambanci sarai. Rubutun da muka gada, irin na Magrib wanda ya ratso Sahara ya iso ƙasar Hausa da Barno, fa ɗigo ɗaya take da shi a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Rubutun Gabas kuwa, wanda ake buga littattafan yara da shi yanzu, fa ɗigo ɗaya a sama, ƙaf ɗigo biyu a sama. Ka ga ke nan abin da yake ƙaf a allona, shi ne fa a littafinta. Mu a ƙarshen kalma ma sau da yawa ba ma ɗiga wa nun da fa da ƙaf kome, siffarsu ta isa. Kuma ba rubutu kaɗai ba ne. Mu da ruwayar Warshu muka tashi, wadda ya karɓo daga Nafi'u na Madina. Su da ta Hafsu suke tashi, wadda ya karɓo daga Asimu na Kufa. Dukansu ingantattu ne, ba malamin kirki da ya taɓa cewa ɗaya ɓata ce, amma tun a cikin Fatiha akwai kalmar da Hafsu yake ja Warshu ya gajarta. Tun da aka buga Alƙur'ani a Alƙahira a 1924 bisa ruwayar Hafsu, sa'an nan aka buɗe babbar maɗaba'ar Sarki Fahad a Madina a 1984, bugun Hafsu ya cika masallatan duniya, har da namu na zango. Ni kaina da na je aikin Hajji an ba ni guda kyauta a kan hanyar dawowa, yana nan a kan kabad. Duk na san wannan. Amma da na zauna da alƙalami, hannuna abin da ya saba ya rubuta, zuciyata kuma ta ce ai namu ne na asali, yarinya za ta gane daga baya. Ban tsaya na tuna cewa ba ni ne zan tsaya gaban yara a yi mini dariya ba.

Washegari Lahadi na sa babbar riga na tafi makarantar, kuma gaskiya da faɗa na tafi. Na tarar da malamin, saurayi ne sa'an ɗana na uku, a tsakiyar yara sun fi sittin, shi kaɗai, ba mataimaki. Da ya gan ni ya taso ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, da kun aiko ai da na zo." Wannan ladabi ya kashe rabin faɗan. Ya ce shi bai yi mata dariya ba, kuma ya tsawata wa waɗanda suka yi, amma ya yarda ya kamata ya gaya wa yaran cewa abin da ta faɗa daidai ne a wani rubutun. Sa'an nan ya ɗauko ɗan littafin da suke koyo da shi, Ƙa'idar Bagadaza, ya buɗe mini. Haruffa a jere tun daga alif har ya, kowanne shi kaɗai. Sai kowanne da fataha, da kisira, da lamma. Sai tanwini, sai madda, sai sukun da shadda, sai gajerun kalmomi, sai surorin juz'in Amma. Ya ce, "Baba, sa'o'in da nake da su a mako ba su kai na yini ɗaya irin naku ba. In na ce sai kowane yaro ya wanke allo na rubuta masa da hannuna, lokacin tashi zai yi ban kai kan na ashirin ba. Da wannan kuwa, yaro mai zuwa kullum yakan fara haɗa baƙi kafin shekara ta zagayo."

Na ce to sunayen fa? Ya ce yaran nan rabinsu ba Hausa ake yi a gidajensu ba. Akwai Dagomba, akwai Mosi, akwai Zabarmawa da Kotokoli da 'ya'yan Tonawa da suka musulunta. Koma baya da baki wofi ba za su nuna musu siffar kome ba, wani ƙarin kaya ne za su haddace. Nan na yi shiru, domin a zamaninmu ma akwai waɗannan ƙabilu a zauren Malam, sai dai a lokacin duk wanda ya kwana zango da Hausa yake tashi.

Ya kuma taɓo wani wurin da ya fi mini ciwo, cikin ladabi. Ya ce in karanta masa harafin da muke kira lodi. Na karanta. Ya yi murmushi. Ai mu da lam muke furta shi, shi ya sa Hausa ta sami alwala da farilla da layya da Ramalana, dukansu da wannan harafi suke a Larabci. Alƙali ma haka, ƙaf ɗinsa ya zama ƙa, lodinsa ya zama la. A Hausa wannan ado ne, kuma ba mai raba mu da shi. A tilawa kuwa gyara yake so, kuma yaran nan suna fitar da shi daga gefen harshe yadda ni ban iya ba sai da na tsufa. Amma ni ma na rama. Na ce ya kira yaro ɗaya ya ce ƙaf, ya ce kaf. Aka kira uku, biyu ba su raba su ba. Na ce ka gani, mu da muka tashi muna raba ƙafa da kafa, da ƙoƙo da koko, kunnenmu ya riga ya san haruffa biyu ne, ko da furucinmu bai zama na Balarabe ba. Yaran zango na yanzu da ƙa da ka duk ɗaya ne a Hausarsu, saboda haka aikinka ya ninku. Ya ce wallahi haka ne.

Da zan tafi ya raka ni bakin hanya, ya rage murya ya ce akwai wasu takardun kakansa a gida cikin ajami, shi da ya yi shekaru yana karatun Larabci bai iya fitar da su ba, ko zan duba masa wata rana. Na ce ya kawo.

A daren nan na kira Amarya, na ce ta zo mu shirya. Ta zo tana tura baki. Na ce mata ban koya mata ƙarya ba, amma na koya mata abu ba a lokacinsa ba, kuma laifina ne, ta yafe mini. Hajiya tana daga ƙofar kicin tana jinmu, daga baya ta ce tun da muka yi aure ba ta taɓa jin na ba wani haƙuri da sauri haka ba. Na rataye allon a ƙusa. Na sauko da bugun Madina daga kan kabad, na sayi irin littafinta, muka koma daga alif, yadda malaminta yake yi, da sunayen da yake kira. Abu ɗaya na ƙi bari: rubutu. Na sayo mata littafin rubutu da fensir, duk abin da ta karanta sai ta rubuta shi, ɗigon fa a sama yadda suke so. Domin abin da na lura da shi a yaran yanzu, har da masu zaƙin murya da ke cin musabaƙa, da yawansu in ka karɓe littafin ka ce su rubuta layi ɗaya sai hannu ya ɗauki rawa. Wannan a ganina asara ce, kuma ba laifin Ƙa'ida ba ne, laifinmu ne da muka ɗauka karatu a baki kaɗai yake.

Ba na cewa kome ya tafi sumul. Akwai daren da barci yake kwashe ta a kan littafin saboda aikin gida na sukul, akwai watan da wayar uwarta ta fi ni farin jini. Ni ma hannuna ya sha zamewa ya ɗiga wa fa a ƙasa, ita ce take kama ni, tana murna. Amma a cikin 2024 ta gama Ƙa'ida, ta shiga surori, tana buɗe shafin da ba ta taɓa gani ba ta bi shi a hankali har ƙarshe. Ni a shekarunta ban kai nan ba.

A azumin 2025 ne na sauko da allon daga ƙusa. Na ce mata yanzu ƙafarta ta tsaya, za ta iya ɗaukar rubutu biyu. Na buɗe gafakar mahaifina, Alƙur'aninsa na warƙa-warƙa, rubutun hannu, baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, hamza ɗigon rawaya. Ta daɗe tana kallo ba ta taɓa ba. Muna cikin juya warƙoƙi sai wata 'yar takarda ta faɗo, wadda na san da ita tun rasuwarsa, lissafinsa ne na goro da ya rubuta cikin ajami. Na miƙa mata na ce ta gwada.

Ta sa yatsa a kalmar farko. Harafin da muke kira angai ne, wanda Hausawa suka ara suke rubuta ga da shi. Ita kuwa ta kai shi can cikin maƙogwaro yadda malaminta ya koya mata, ta ja rufu'ar, ta fito da wata kalma da ba Larabci ba ba Hausa ba. Na ce a sassauta, a ajami ga ne, rufu'ar nan kuma o ce. Ta sake. "Go... ro. Goro!" Ta dube ni kamar an yi mata dabo. Kalma ta biyu ta tsaya, ta ga ɗigo a ƙasa, ta ce, "Wannan fa ɗinku ce." Na ce ita ce. "Fa... ri." Ta uku ɗigo ɗaya a sama. Ta buɗe baki za ta ce fa, ta kama kanta, ta yi dariya, ta ce ƙaf. Da taimakona ta fitar da ƙwarya, sa'an nan bakwai.

Ta ce, "Kaka, babanka ƙwarya yake sayarwa ko goro?"

Na ce goro ɗari shi ake kira ƙwarya ɗaya, saboda haka farin goro ɗari bakwai ke nan. Ta ƙidaya da yatsu ta ce to me ya sa bai rubuta ɗari bakwai ba kawai? Kafin in ba ta amsa ta riga ta gangara layi na biyu, ta sami ha babba da rufu'a har sau biyu, tana ta maimaita hu-hu, hu-hu, tana tambayar Hajiya ko kukan wane tsuntsu ne kakan babanta ya rubuta a cikin lissafi. Hajiya ta ce ta tambayi mai allo, ita kunun buɗa baki take damawa.